Namijin Dabinon Garbairi

Wanda ya taso daga Gure ya nufi kasuwar Gidigir, in ya saki hanyar ayari ya karkata hagu, ba abin da zai gani sai tudun rairai, bayansa wani tudun, bayan wannan ma wani. Sai ya fara zagin wanda ya yi masa kwatance, sannan ƙasa za ta buɗe a gabansa kamar an ajiye ƙaton akushi. Kwari ke nan. A bakin akushin goruba ce ta yi kewaye, kafaɗa da kafaɗa. Ka wuce goruba ka iske dabino da 'yan lambuna, inda ruwa ke kusa har mutum ya tona da sakaina ya sha. Tsakiya kuwa fari fat, kanwa ce zalla, ko akuya lasa kawai ke kai ta. Ba mai kwana a ciki, sauro da raɓa ba sa bari. A kan tudun arewa mutane suka jera bukkokinsu, gonakin hatsi na bayansu. Sunan garin Garbairi.

Garbai ne ya sare shi, wani Bamange, wato Babarbaren yankin nan, da ya zo da mata ɗaya da takarkari ɗaya tun Nasara ba su kafa bariki a Gure ba. A lokacin babu dabino ko ɗaya a kwarin. Wasu Tubawa masu raƙuma suka ɓata hanya, ya shayar da su, ya dama musu fura, suka bar masa taiki guda na dabinon ƙasarsu Kawar. Iyali suka ci, shi kuwa ya tara ƙwallayen ya bi gefen kwari yana binnewa. Mai ba su ruwa ita ce 'yarsa ta fari, Kellu, tun tulu ya fi ƙarfin wuyanta.

Da itatuwan suka girma suka rabu biyu, masu haihuwa da marasa haihuwa. Garbai ya sare marasa haihuwar ya yi rumfa da su, ya bar guda ɗaya tak a gabas, ta inda iskar ɗari ke shigowa kwarin, kamar yadda Tubawan nan suka gargaɗe shi. Ango yake ce masa. Yakan dafa shi ya ce wa Kellu, "Kin ga wannan malalacin? Ko ƙwara ɗaya ba zai ba ki ba. Amma farin garin da ke zuba daga furensa, shi iska ke kai wa matan. Ran da ya faɗi, duk sun zama zawarawa."

Dabinon Garbairi da bazara yake nuna, daidai lokacin da hannu ke taɓo ƙasan rumbu. A ɗora wa takarkarai a kai Gidigir, a musanya da hatsi, a ci har ruwa ya sauka. Shi ya riƙe garin, shi ya sa wasu suka zo suka kafa bukka kusa da ta Garbai.

Kellu a nan ta yi aure, a nan ta haihu, a nan ta binne uba da miji. Doguwa ce, siririya kamar zarbar dabino. Tana da Hausar kasuwa da Barbarcin gida, in ranta ya ɓaci takan fara faɗa da Hausa ta ƙarasa da Barbarci, wai Hausa ba ta da isasshen barkono. Babba da yaro Ya Kellu suke ce mata. Ƙanenta Aisami shi ne bulama, wato mai gari, amma ba a kwarin ya tashi ba. Tun yana ƙarami aka ba kawunsu shi a Gamu, ya girma a bayan raƙuma, sai da Garbai ya rasu aka kira shi ya gaji uba.

Shekarar fara, wadda masu lissafin Nasara ke cewa 1931 ce, ta ci gonaki har kara. Wasu gidaje suka tashi, wasu suka zo. Cikin waɗanda suka zo akwai Ɗan Talata, Badamagare, manomin hatsi mai haƙar rijiya, gajere mai faɗin kafaɗa, wanda bakinsa ba ya hutawa ko yana cikin rami. Aka karɓe shi hannu biyu, don rijiyar gari ta daɗe tana zubewa.

Damina ta gaba ta ƙarasa rijiyar. Ranar da ta rufta Kellu ba ta nan, tana Gure wurin 'yarta da ta haihu, sai da aka yi arba'in ta kamo hanya.

Tun tana yarinya, in ta dawo daga wannan gefen, kan Ango take fara hangowa kafin ta ga bukka ko ɗaya. Ya fi kowa tsawo, don bai taɓa ɗaukar kaya ba. Ranar nan ta hawo tudun gabas ta ɗaga ido. Sama kawai. Ta tsai da takarkari ta sake dubawa, ko tsufa ya fara yi mata wasa da ido. Sama ce dai.

Ta iske maza a bakin sabuwar rijiya. An kewaye bakinta da itace miƙaƙƙe, an tsaga shi gida huɗu, an jera tsaf.

"Maraba da Ya Kellu!" in ji Ɗan Talata yana karkaɗe laka daga gwiwa. "Zo ki ga aiki. Wannan ko jikan da kika baro a Gure zai sha, ya bar wa nasa jikan."

"Ɗan Talata, wane itace ne wannan?"

"Wata juya ce can gabas. Sai da na bi su ɗaya ɗaya ina tambaya. Wannan na haihuwa? Aka ce e. Wannan fa? E. Shi kaɗai ne tun da aka shuka shi bai taɓa ba kowa ko na taɓa baki ba. Na ce to, wanda ba ya ciyarwa ya zo ya shayar."

Ta juya wajen ƙanenta. "Aisami, kai ka ba shi gatari?"

"Izini na ba shi, Yaya. Goruba duk karkatacciya ce, ba ta zama a bakin rijiya. Da masu haihuwa kike so mu sara?"

"Baba bai taɓa gaya maka ba?"

"Me zai gaya mini? Ni ta raƙumi aka koya mini."

"Namiji ne, Aisami. Namijinsu ne kuka sare."

Wani ya fashe da dariya, sauran suka bi. Ɗan Talata har da riƙe ciki.

"Namiji? Ya Kellu, tun ina tafiya tsirara nake noma, ban taɓa ɗaura wa hatsi aure ba, kuma kullum yana haihuwa. To shi wannan angon, wa ke biya masa sadaki?"

Ta fara da Hausa, ta ƙarasa da Barbarci. Aisami, da ya ji duka biyun, ya sunkuyar da kai. Da ta gama ta miƙa hannu aka ba ta guga, ta sha, ta goge baki.

"Ruwan da daɗi," ta ce. "Ku sha da kyau. Da bazara shi za ku ci."

Ɗari ya zo, matan dabino suka buɗe fure kamar kullum. Kellu ta riƙa zuwa bakin kututturen Ango da safe tana juya fuska gabas, ko iska za ta ɗauko wani abu daga kwarin wasu. Ba ta ɗauko ba. Da bazara 'ya'ya suka fito ƙanana, uku uku a manne, ba ƙwallo a ciki, ba zaƙi, suna zubowa tun suna kore. Ko awaki shinshinawa suke yi su wuce. Ba takarkarin da ya je Gidigir da dabino a shekarar. Gari ya koma surfa ƙarangiya da jiƙa 'ya'yan anza masu ɗaci, yara suna gugar goruba har dasashi ya yi jini.

Kowa da nasa bayani. Wani ya ce fara ce ta bar dafi a ƙasa. Wani ya ce kanwa ta kai saiwa. Wata tsohuwa ta ce ido ne. Aka yi sadaka, aka yi addu'a. Ɗan Talata kaɗai ya rage magana, in zai je lambunsa sai ya yi zagaye don kada ya bi ta gabas.

Bayan kaka Aisami ya tara magidanta a ƙofar gidansa. Ba su da yawa, kuma kusan duk masu furfura ne. Samarin gari wasu an kwashe su aikin hanya na Nasara, wasu sun tsallaka kudu ƙasar Ingilishi don kada a kwashe su. Bulama ya ce kwari ya juya musu baya. In dabino ya sake yin abin da ya yi, kafin ruwa ya sauka kowa ya ɗaure kayansa, a bi samari kudu.

Mata ba sa zama a irin wannan shawara. Kellu ba ta zauna ba, tana bayan zana tana sheƙa, sai dai muryarta ba ta san zana ba.

"Kabarin Baba ma a takarkari za ka ɗora shi?"

"Yaya, kabari ba ya jin yunwa."

"Itatuwan nan da wuyana na shayar da su. Lafiyarsu ƙalau. Miji suka rasa."

"To ki haifa musu," in ji wani daga cikin mazan, aka ɗan yi dariya, ba irin ta ranar rijiya ba.

"Ka ba ni ɗarin bana kawai, Aisami."

"Ɗari na Allah ne, ba nawa ba. Amma na ji. In na ga dabino mai ƙwallo a kwarin nan, na kwance kaya. In ban gani ba, ke ma a gaban takarkari za ki zauna, ko da ɗaure ki zan yi."

Ta karɓi ɗarin, alhali ba ta san abin da za ta yi da shi ba. Garbai bai taɓa kai wa matan garin fure da hannunsa ba, iska ce ke yi masa aiki.

A kasuwar Gidigir ta sami bakin zaren. Ta kai tabarmin kaba da ta saƙa, ta shimfiɗa kusa da wata Batubiya mai sai da dabinon arewa, mai zobe a hanci da wuƙa a damtse. Hira ta kai su kan Ango. Batubiyar ta dube ta sama da ƙasa, ta ce da gurguwar Hausarta, "Ku nan iska kuke jira? Iska ba ta da amana. Mu da hannu muke kaiwa." Ta ɗauki kara ta nuna mata a ƙasa. A yanko furen namiji ran da kubensa ya tsage. A shanya a inuwa, ban da rana, kuma kada a toshe shi a fata, gumi zai kashe shi. A hau mace lokacin da nata furen ya buɗe, a karkaɗa, a cusa silin namiji a tsakiya kai ƙasa, a ɗaure da ganye.

"A hau?" in ji Kellu.

"Da ke tsammani za ta sunkuyo miki?"

Namiji mafi kusa da Kellu ta sani yana wani kwari bayan Gidigir, na wani tsoho da ake kira Ba Ibram, abokin ubanta. Garbai ne ya ɗiba masa ƙwallaye daga taikin Tubawa, ke nan namijinsa da Ango ciki ɗaya suka fito. Da sanyi ya kama sosai ta ɗaura wa takarkari akumari, ta rataya babbar ƙwarya da faifai, ta kama hanya ita kaɗai.

Ba Ibram ya tsufa har gira ta yi fari. Ya karɓe ta da murna, ya tambayi mutan gida ɗaya ɗaya, har da waɗanda suka daɗe a ƙasa. Da ta faɗi abin da ya kawo ta, sai fuska ta canja.

"'Yar Garbai, ki tambaye ni akuya. Ki tambaye ni hatsi, ko da ba ni da shi. Amma albarkar kwari ba ta fita a ƙwarya. Ku kun sare taku, yanzu kuma a kwashi tawa?"

"Ba Ibram, a taiki ta shigo maka, daga hannun ubana."

"Shigowa daban, fita daban."

Ta miƙe. Ta je gindin namijin ta shimfiɗa tabarma, ta yanko kaba ta fara saƙa. Aka kawo mata tuwo ta ci a nan. Washegari ma tana nan. Tsoho ya riƙa leƙowa daga tudu yana tsaki. Matan gidan suka ce ta shigo daga sanyi, ta ce tana jiran wani ne.

Wata safiya kube ya tsage. Iska ta kaɗa, farin gari ya zubo ya kwanta a kan rairai da kan tabarmarta. Ta tashi ta hau tudu ta kamo hannun tsoho, ta jawo shi har gindin itacen.

"Duba ƙasa, Ba Ibram. Ga albarkarka nan tururuwa na ja. Kullum iska na kwasa ta watsa a kan kanwa, ba ka taɓa kai ƙararta ba. Ni da na zo da sallama ce ɓarauniya?"

Tsoho ya daɗe yana kallon tururuwan. Sannan kafaɗunsa suka fara rawa, dariya ta kuɓuce masa har da tari.

"Garbai bai mutu ba, wallahi. Haka ya zauna mini a ƙofa har na ba shi jakata." Ya ƙwala wa ɗansa kira ya hau ya yanko. Da aka sauko da furen, tsoho ya nuna wani ƙaramin namiji can gefe mai ɗa a gindinsa. "A cire mata wancan ma, da saiwarsa. Ɗan gindin namiji namiji ne, ba irin ƙwallo ba da sai ya girma a san ko wane ne. Amma 'yar nan, wannan sai ya shekara biyar ko shida kafin ya yi fure. Za ki kai?"

"In ban kai ba shi zai kai. Ba a fafe gora ranar tafiya."

"Kafin nan fa?"

"Kafin nan za ka gaji da ganina."

Ta shanya furen a inuwa ya sha iska, ta jera a ƙwarya, ta rufe da faifai sako-sako. Duk hanyar dawowa a cinya ta riƙe ƙwaryar, ta juya wa iska baya kamar mai goyon jinjiri. Ɗan dabinon kuwa, an naɗe saiwarsa da jiƙaƙƙen tsumma, yana lilo a gefen takarkari.

Ta dasa shi tun ba ta shiga gida ba, kusa da kututturen Ango. Sannan ta ɗauki ƙwarya ta tsaya a tsakar gari ta ce tana neman mai hawa.

Masu hawan dabino samari ne, samari kuwa ba sa nan. Aisami ya ce shi abin da ya iya hawa sai ya durƙusa masa tukuna. Wani ya ce baya, wani ya ce jiri. Ta dubi Ɗan Talata.

"A'a, Ya Kellu. Ni ƙasa nake shiga. Ki ce in tono miki ruwa daga ƙarƙashin dutse, na ji. Amma sama ta tsuntsaye ce."

Da safe mata masu zuwa rijiya suka tsaya cak, tulu a ka, hannu a baki. Ya Kellu ce ta fito cikin wandon marigayi mijinta, ta ɗaure zane a kansa ta cusa gefe a ƙugu. Igiyar kaba a kafaɗa, silin fure a ƙaramin ƙoƙo rataye a wuya. Ta zagaya igiya ta bayan itace da bayanta, ta ƙulla, ta tofa bisimilla, ta sa ƙafa.

Labari ya kai wa Aisami, ya gangaro da gudu rawani na warwarewa.

"Yaya! Ki sauko don girman Allah! Mai jika a kan itace? Gidan Garbai kike so a yi wa waƙa?"

"Ranar wanka ba a ɓoyon cibi," ta amsa daga sama. "In kunya ta dame ka, ga igiya."

Bai karɓi igiya ba, bai kuma tafi ba. Ya tsaya a gindi da hannuwa a buɗe, kamar zai iya tare ta.

Ƙayar dabino ba ta san babba ba. Kafin azahar hannuwan Kellu sun yi zane-zanen jini har gwiwa. Ta karkaɗa, ta cusa, ta ɗaure, ta sauko, ta huta, ta kama na gaba. Gajerun ta fara bi. Washegari cinyoyinta suka ƙi miƙewa, ta gasa su da ruwan zafi ta koma. A rana ta uku, tana saukowa daga wata doguwa, ƙafa ta zame. Igiya ta riƙe ta rabin hanya, sannan ta sulale ta faɗo a kan idon sawu. Abin da ta fara dubawa ƙoƙon wuyanta ne. Bai zube ba.

Ta yunƙura ta tashi, ƙafa ta ce ba ta san zancen ba. Fure kuwa ba ya jiran mai jinya, in ya buɗe ya wuce, sai baɗi.

Ɗan Talata yana lambunsa, ya ga komai. Ya ajiye guga ya zo, ya tsaya yana sosa ƙeya. Bai ce sannu ba. Ya sunkuya ya kwance igiyar daga ƙugunta.

"In na faɗo, ki gaya wa Biba tana bina haƙuri," ya ce, yana nufin matarsa.

Ya hau kamar mai hawan bangon kabari, ido a rufe, yana karanto duk surar da ya sani. Da kansa ya shiga cikin ganye ya ƙwala ihu.

"Ya Kellu! Ƙasa na juyawa!"

"Bar kallonta, kun saba. Dubi furen."

"Wani abu ya sare ni!"

"Ƙaya ce. Gaisuwa take yi maka daga wanda ka sare."

"Kai sama zan sa ko kai ƙasa?"

"Kai ƙasa, Badamagare! Ka karkaɗa tukuna. A hankali, ba tabarma kake kakkaɓewa ba!"

Haka suka bi gabas da kudu, ita a zaune a gindi da kumburarriyar ƙafa tana ba da umarni, shi a sama yana rantsuwar wannan ce ta ƙarshe. Kafin su kai yamma ƙwarya ta ƙare. Matan yamma suka buɗe suka rufe ba wanda ya je musu.

Sai jira. Zafi ya shigo, rumbuna suka fara amsa kuwa. Gidaje biyu ba su iya jira ba, suka tashi da asuba suka yi kudu, har da aminiyar Kellu da suka yi 'yan matanci tare. Aisami ya sauko da irin shukarsa daga rumbu ya ɗinke a taiki, ya jingine a ƙofar ɗaki inda yayarsa za ta gani duk lokacin da ta wuce. Ita kuwa kullum tana kwari da sanda, tana ɗingishi daga itace zuwa itace, wuya a ɗage.

'Ya'yan suka fito uku uku a ko'ina, kamar na bara. Amma bayan 'yan kwanaki na gabas da na kudu suka fara zubar da biyu suna riƙe ɗaya, ɗayan kuma ya kama kumbura. Na yamma suka tsaya yadda suke, ƙanana a manne. Ta bari sai da suka kai kan yatsa, ta sa Ɗan Talata ya tsinko ɗaya daga nan, ɗaya daga can.

Ta iske Aisami a ƙofar gida yana gyaran akumari. Ta fasa na yamma da haƙori ta ajiye masa a gwiwa. Wofi. Ta fasa na gabas, ta kamo hannunsa ta juye masa abin da ke ciki a tafi. Ƙwallo ne, fari, bai ƙosa ba, amma ƙwallo.

Ya jujjuya shi da yatsa. Ya tashi ya gangara kwari, ya zagaya gabas, ya zagaya yamma, ya dawo.

"Gani ya kori ji," ya ce. "Amma Yaya, rabi ne. Wannan ba zai kai mu kaka ba."

"Zai kai mu shuka. Daga nan anza ta ƙarasa. Baɗi da ƙwarya biyu zan je."

Ya dube ta, ya dubi ƙafarta. Sannan ya jawo taikin iri ya sa wuƙa ya farke ɗinkin.

Bazarar nan takarkarai suka je Gidigir da dabino, ba cike ba, amma sun je. An sha wuya kafin kaka, ba wanda ya ƙara tashi.

Daga nan duk ɗari sai an ga Ya Kellu a hanya. Ƙafar ba ta koma daidai ba, ɗingishin ya zauna. Takarkarin ya tsufa ya mutu, ta koma jaki. Ba Ibram ya rasu, ɗansa ya ci gaba da yanko mata, har ya koyi ɗaurawa a matan dabinonsu da ya ga yadda nonon dabinon Garbairi ke cika. Wasu samari suka dawo daga aikin hanya suka karɓi igiya, amma Ɗan Talata bai sake ta ba. Shi ke koya musu, yana gaya wa baƙi a bakin rijiya cewa shi tun a Damagaram ya san dabino na da namiji. In Kellu na kusa sai ya rage murya. Shi ne kuma ya kewaye ɗan dabinon da ƙaya, akuyar da ta kusanci wurin sai ta ji sunan kakanninta.

A ɗarin shekarar da aka fara raɗe-raɗin yaƙi a ƙasar Nasara, Kellu na ƙofar gida tana ɗaura wa jaki ƙore, sai ga Ɗan Talata ya hawo tudu yana haki.

"Ya Kellu, bar jakin nan. Zo. A'a, ba zan faɗa ba, zo kawai."

Ta bi shi da sandarta har gabas. Ɗan dabinon bai fi tsayin mutum da hannu a ɗage ba. A tsakiyar ganyensa kube ya tsage, wasu biyu na biye ba su buɗe ba tukuna. Ta sa hannu ta cikin ƙaya ta taɓa. Da ta janye, tafinta ya yi fari. Ta kai hanci ta shinshina, ta daɗe a haka, iskar gabas na kaɗa mata gefen mayafi.

"To," in ji Ɗan Talata, "an huta. In sauke wa jaki kaya? Ni ma in rataye igiya, iska ta karɓi aikinta."

"Igiya tana nan inda take. Yaro ne, ba zai iya da su duka ba. Iska kuma ba ta da amana." Ta goge hannu a goshinta. "Kawo wuƙa ka yanko mini wannan na farin."

"Ki kai ina?"

"Gidan Ba Ibram. Shekara nawa ina zuwa musu da ƙwarya wofi?"

Ya yanko, ta sa a ƙwarya ta rufe da faifai. Ya riƙe mata jaki ta hau, ta ɗora ƙwaryar a cinya. Har ta fara gangara ta waiwayo.

"Ɗan Talata!"

"Na'am, Ya Kellu."

"In rijiya ta rufta kafin in dawo, ku sha kanwa."